Donat mai kirfa da sukari a eya furaya: tambayoyi da amsoshi

Tun ranar sunan ɗiyar ƙanwata a unguwar Garin Malam, da na kai tire biyu na donat aka share su kafin a sauke tukunyar shinkafa, ban sake hutawa da tambaya ba. Wata ta tare ni a Kasuwar Dole ina tsaka da cinikin tattasai, wata ta aiko yarinya har gida da biro da takarda. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, sai na ga gara in tara su wuri guda in huta. Na'urar da nake nufi ita ce wadda ake ce wa eya furaya, tukunyar nan ta wuta mai kwando. Tawa ƙarama ce, lita 4, donat huɗu take ɗauka a zubi ɗaya, kuma duk mintunan da zan faɗa da ita na gwada su.

Wai da gaske ba a sa mai ko ɗigo?

Wanda ya sayar miki da ita a kan wannan magana daɗin baki ya yi miki. Sunan ne ke ruɗin mutane, amma na'urar ba ta soya komai. Ƙaramin tanderu ne: a sama akwai naɗaɗɗen ƙarfe da ke ɗaukar zafi, a bayansa kuma fanka tana huro zafin ƙasa yana zagaye kwandon. Kamfanin Philips ne ya baje irinta a wani baje kolin kayan wuta a Jamus a shekarar 2010, daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu.

To, gashi daban, suya daban. In kika jefa fanke cikin man gyaɗa mai zafi, man yana rungumar sa ta kowane gefe a lokaci guda, ya rufe bayansa, ya ba shi launi da maiƙo. Iska kuwa busarwa take yi. Saboda haka aikin da mai yake yi shi kaɗai a kasko, a nan ke za ki yi shi da hannunki a wuri uku: bota a cikin kwaɓi, ɗan shafe kafin gashi, sannan shafe mai kyau bayan ya fito. Duk da haka man da za ki kashe bai kai na cika kasko ba, kuma babu ragowar baƙin mai da za ki riƙa tunanin yadda za ki yi da shi. Abin da zai fito ya fi kusa da burodi mai laushi a kan fanke. Surukata da ta ɗanɗana karon farko cewa ta yi, "Yarinya, wannan ai burodin 'yan gayu ne." Ban musa ba, don gaskiyarta ce. Ta ci uku.

Me zan tanada?

Na donat 12 zuwa 14, ga abin da nake sawa: fulawa rabin kilo, yis na gari giram 7 (cokalin shayi biyu da ɗan ƙari), sukari giram 60, gishiri cokalin shayi ɗaya, ƙwai ɗaya, bota giram 60 da ta yi laushi, da madara mililita 250. In madarar gari ce, cokali uku manya a dama da ruwa kofi ɗaya. Ina kankara gyaɗar ƙamshi kaɗan a ciki, amma ba dole ba ce. Masu butik da yawa a nan Damagaram in kika ce yis ba su gane ba, ki ce lebur na burodi, kada a haɗa ki da na kek.

Na barbaɗawa kuma: sukari giram 100, garin kirfa cokalin shayi biyu, da bota giram 50 da za a narkar.

Ba ni da sikeli, yaya zan auna?

Ki sa mai shago ya auna miki rabin kilo tun a can, magana ta ƙare. In kuma buhu gare ki a gida, kofi mai cin mililita 250 yana ɗaukar fulawa kusan giram 125, wato kofi huɗu ke nan. Amma ki zuba da cokali ki share bakin, kada ki nutsa kofin cikin buhu ki danna. Dannannen kofi yana iya ɗauko fiye da kima, kuma daga nan taurin donat yake farawa.

Yaya ake kwaɓin?

Ki haɗa fulawa da yis da sukari a roba, ki zuba gishiri ta gefe. Ki fasa ƙwai cikin madara ki zuba, ki juya har gari ya ɓace. Kada ki sa bota tukuna. Ki juye a kan tebur ko tire mai faɗi ki murza minti biyar, sannan ki riƙa sa botar kaɗan kaɗan kina ci gaba da murzawa. A nan ne yawancin mata ke karaya, domin kwaɓin zai koma kamar ya lalace, yana santsi, yana manne wa yatsu, yana rabuwa gida gida. Hannu zai kai ga buhun fulawa da kansa. Ki riƙe shi. Ki ci gaba da turawa da tafin hannu kina naɗowa, cikin wasu minti biyar zuwa bakwai za ki ga ya haɗe ya yi sumul, ya fara sakin tebur.

Gwajin da nake yi shi ne in gutsuro kamar girman goro in buɗe shi a hankali tsakanin yatsu ina kallon ƙofa. In ya miƙe ya yi siriri har haske na ratsa shi bai yage ba, ya isa. In ya tsinke nan take, da saura. Kwaɓin donat na gashi ya kamata ya ɗan yi danƙo, laushinsa kamar fatar kunne. In ya yi tauri kamar na cincin, kin riga kin yi asara tun ba a kunna wuta ba.

Awa nawa zai yi kafin ya tashi?

Wannan tambayar ba agogo ke amsa ta ba, watan da muke ciki ne. Masu koyar da girki a bidiyo suna cewa awa ɗaya, amma su a ɗaki mai sanyi suke. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, kwaɓi na ninka kansa cikin minti 30 ko 40. Na taɓa rufe kwaɓi da hantsi a bazara na ce bari in leƙa gaisuwar rashin lafiya a Birni in dawo. Hira ta yi daɗi, aka kawo fura. Da na dawo bayan azahar ya tashi ya ture murfi, ya sake faɗawa, yana warin tsami kamar ƙullun da ya kwana biyu. Na gasa shi don kada a ce na zubar, ya fito fari fat, fale fale, domin yis ya riga ya cinye sukarin da zai ba shi launi. Awakin maƙwabta ne suka amfana.

Tun daga ranar, a bazara da ruwan randa mai sanyi nake dama madarar, ba na ɗumama komai, kuma ba na barin gida. A hunturu, Disamba da Janairu, abin ya juya: madara ta zama mai ɗumi wadda yatsa zai zauna a ciki ba ƙuna, kuma kwaɓin na iya cin awa ɗaya da rabi ko biyu. Kada ɗumin ya wuce kima, yis yana mutuwa in zafi ya kai wajen digiri 60. Sannan iskar hunturu tana busar da saman kwaɓi ya yi ɓawo, ga ƙura. Ki shafa masa mai kaɗan, ki rufe robar da murfi ko leda, zane kaɗai ba ya isa.

Alamar dai ita ce ya ninka girmansa, kuma in kika danna da yatsa ramin ya taso a hankali bai cike gaba ɗaya ba.

Da me zan yanka, tunda ba ni da abin yankan donat?

Kofin silba na shan ruwa da murfin kwalbar lemo. Ki murza kwaɓin da kwalba ko muciyar murji har kaurinsa ya kai kamar yatsa, wajen santimita ɗaya da rabi. Ki tsoma bakin kofin a fulawa ki danna, ki huda tsakiya da murfin. Ramin ya fi kyau ya yi ɗan faɗi, don yana tsukewa in ya kumbura. Ki jera su a tire da aka barbaɗa wa gari, ki rufe, su sake tashi: minti 15 zuwa 20 a zafi, 30 zuwa 40 a sanyi. Wannan tashi na biyu shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa, kuma shi ne bambancin donat da dutse.

Me ya sa ma ake huda tsakiyar?

Ɗana ne ya yi mini wannan tambayar. Wani matuƙin jirgin ruwa Ba'amurke mai suna Hanson Gregory ya yi iƙirarin cewa shi ya fara huda shi a 1847, wai don tsakiyar ba ta nuna. Ko shi ne ko ba shi ba, dalilin nasa daidai ne, kuma a eya furaya ya fi ƙarfi, tunda ta ramin iska ke bi.

Zafi nawa, minti nawa?

Ki kunna ta ba komai a ciki na minti uku a kan digiri 175 ko 180. Ki shafa wa kwandon mai da ɗan tsumma mai tsabta, ki shafa wa donat ɗin narkakkiyar bota ko man gyaɗa sama sama, ki jera su da tazara, kada su taɓa juna. Minti huɗu, ki juya, sai minti ɗaya ko biyu. 'Yan ƙwallayen da kika ciro daga tsakiya minti uku zuwa huɗu sun ishe su, kuma su yara suka fi rububi.

In kika ga an rubuta 350 a wani wuri, ma'aunin Amurka ne, daidai yake da kusan 175 a namu. Kuma na'urori ba su da hali ɗaya, wata tana da zafin rai. Zubin farko ki sa guda ɗaya tak, ki fasa shi ki duba ciki. Ki kuma sani zubi na uku ya fi na farko saurin nuna, don tukunyar ta riga ta ɗau zafi sosai.

Nawa ya fito busasshe kamar biskit. Ina na kuskure?

Ɗaya cikin uku: fulawa ta yi yawa, ko bai yi tashi na biyu ba, ko kin bar shi yana jiran launi. Na ukun ya fi yawa. Idonmu ya saba da jan fanke, sai mu riƙa ƙara minti muna jira ya yi haka. Ba zai yi ba. Donat na gashi launin ruwan zuma mai haske yake tsayawa, gefensa ma da ɗan fari. In ya yi ja irin na kasko, cikinsa ya riga ya bushe. Kirfa da sukari ne za su ba shi kalar da kike nema.

Sukarin ba ya kama jikinsa, zubewa yake yi.

Sukari ba ya kama busasshen abu. Donat na kasko yana fitowa da maiƙonsa, wannan kuwa sai kin ba shi. Da zarar kin ciro, tun yana tururi, ki shafe shi da narkakkiyar bota sama da ƙasa har cikin ramin, ki jefa shi cikin kwanon sukari da kirfa, ki juya, ki ɗebo da cokali ki zuba masa. Ɗaya bayan ɗaya. In kika shafe duka huɗun kafin ki fara birgima su, na ƙarshe ya shanye botarsa. Ni hannu ɗaya nake ware wa bota, ɗaya wa sukari, in ba haka ba kwanon ya cika da dunƙule dunƙule.

Sukarin da ake aunawa a kasuwa sau da yawa ƙwayarsa manya ce. Ki ɗan daka shi a turmi mai tsabta, bugu kaɗan, ba sai ya zama gari ba. Sukarin shayi mai ƙwaya mai kusurwa huɗu ma yana yi in an daka. Kada kuma ki barbaɗa kafin gashi da sunan rage aiki: fanka za ta kwashe kirfar ta watsa a jikin ƙarfe, sukarin ya ƙone ya yi ɗaci, gida ya cika da hayaƙi.

Wace kirfa zan saya, kuma a ina?

Wajen masu kayan ƙamshi da kayan shayi. Wasu sun fi saninta da kanel. Ki lura, kirfa ba kanumfari ba ce. Na taɓa aiken yaro ya dawo mini da ƙullin kanumfari yana murna an yi masa gyara. Kirfa ɓawon itace ne da aka naɗe ya bushe.

Iri biyu ne ke yawo. Akwai ta ƙasar Siri Lanka, mai launin ƙasa ƙasa mai haske, ɓawonta siriri an naɗe shi falle falle kamar takarda, tana murƙushewa a hannu, ƙamshinta a kwance. Akwai kuma wadda ake kira kasiya, da ke fitowa daga Sin da Indunusiya da Biyetnam, mai kauri, ja ja, falle ɗaya mai tauri, ɗanɗanonta da ɗan yaji. Ita ce ta fi yawa a kasuwa kuma ta fi araha, kuma ni a kan donat ita na fi so, don ba ta ɓacewa a cikin sukari da bota. Tana ɗauke da wani sinadari, kumarin, wanda yawansa ke wahalar da hanta. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta sa iyakarsa a miligiram 0.1 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Cokali biyu da aka raba wa donat goma sha biyu, rabi ma ya rage a kwano, ba shi ne abin damuwa ba. Masu kaɗa cokali guda a ruwan zafi kullum da sunan magani su ne ya kamata su yi hattara.

In sanda kika saya, ki kakkarya, ki ɗan ɗumama a busasshen kasko, ki daka, ki tankaɗe da rariya mai laushi. Kada ki kai injin unguwa. Injin da ya niƙa barkono da safe ba ya mantuwa.

Zan iya sa man shanu maimakon bota?

Sosai ma, in soyayye ne mai kyau. Sai dai ƙamshinsa yana da ƙarfi, yana iya danne kirfa, kuma wanda aka soya da albasa bai dace da nan ba sam. Ni rabi da rabi nake yi wajen shafen ƙarshe. Man gyaɗa yana yi a shafen farko, amma a na ƙarshe ɗanɗanon lami yake fitowa.

Ba ni da lokacin jiran yis. Akwai hanyar gaggawa?

Akwai, amma wani abu ne daban, ya fi kama da kek. Fulawa giram 250, bakin foda cokalin shayi biyu, sukari giram 50, gishiri kaɗan, ƙwai ɗaya, narkakkiyar bota giram 30, da kindirmo ko nono mai kauri kamar mililita 100. Ki haɗa kawai, kada ki murza, ki mulmula ƙanana kamar ƙwan zabo, digiri 180 na minti bakwai ko takwas. A ci da zafi, don ba ya jure jira.

Bidiyon Amurkawa da kike gani ana gamawa cikin minti goma, kwaɓaɓɓen ƙullu ne na gwangwani suke saya a kanti su huda tsakiya kawai. Ƙullun fanke mai ruwa kuma kada ki kuskura ki zuba a kwando, ta ramukan zai tsiyaye.

In wuta ta ɗauke fa?

Za ta ɗauke, musamman a bazara, don haka ki shirya tun farko. In ba ki fara gashi ba, ki sa tiren a firigo ki rufe, sanyin da ya rage zai rage wa yis gudu. In ta daɗe ba ta dawo ba, ki ɗora kasko a gaz ko gawayi ki soya abinki, kwaɓin ɗaya ne, kuma babu wanda zai kai ƙararki. In kuma suna ciki ta ɗauke, kada ki buɗe, ki ba su minti biyar a cikin zafin da ya saura, sannan ki ƙarasa a busasshen kasko mai murfi a kan wuta kaɗan.

Masu sola da ƙaramin gurup, wato janareta, su duba takardar da ke manne a gindin na'urar. Yawancinsu suna jan wat 1200 zuwa 1800, kusan kamar dutsen guga, kuma ƙaramin inbata ba ya ɗauka. Ta fuskar kuɗin wuta kuwa abin bai kai yadda ake tsoro ba: mai wat 1500 in ta yi rabin awa wutar da ta ci ba ta wuce kilowat-awa 0.75 ba.

An kawo mini tawa daga waje, kan filogin bai shiga soket ɗinmu ba.

In daga Kano ta zo, mai ƙafa uku masu kusurwa ce, ƙarfin wutarta ya yi daidai da namu na 220, kan ne kawai ya bambanta. Ki sa mai gyaran wuta ya canza shi, ya fi ƙaramin adafta na roba da ke narkewa. Kada kuma ki haɗa ta da firigo a kan siririyar waya ɗaya. In kuwa daga Amurka aka aiko, ki karanta gindinta kafin komai. In kin ga 110 ko 120, kada ki soka, nan take za ta ƙone.

Zan iya shimfiɗa takarda a kwandon?

Takardar gashi, ƙarama, kuma sai da donat a kanta. In kika sa ta ita kaɗai lokacin ɗumama tukunya, iska za ta ɗaga ta ta manna a ƙarfen sama ta kama wuta. Wajen wanki kuma soso mai laushi, ban da soson ƙarfe.

Kwana nawa yake yi?

Ba ya kwana da daɗinsa. Awannin farko su ne nasa. A hunturu yana bushewa kafin la'asar in ba a rufe ba, a damina kuma sukarin ke jiƙewa ya zama ruwa. Firigo yana sa duk wani abu mai kama da burodi saurin tauri, don haka ba na sawa. In kina son na gobe, ki ajiye wasu ba shafe ba sukari a roba mai murfi, da safe ki mayar da su digiri 160 na minti biyu, sannan ki shafa ki barbaɗa. Da azumi dabarar da ta fi ita ce ki kwaɓa bayan sahur ki sa a firigo, ki fito da shi bayan la'asar ki yanka, ki gasa dab da magariba.

Maigidana yana da ciwon sukari, wannan ya fi masa?

Man ne ya ragu, fulawa da sukari suna nan yadda suke. Ya bi abin da likitansa ya ce masa.

Zan iya yin sana'a da shi?

Ki yi lissafi tukuna. Huɗu a zubi ɗaya, kowane zubi da jerawa da juyawa da kwashewa kamar minti bakwai. Donat ɗari zubi 25 ke nan, kusan awa uku kina tsaye, in wuta ta yi miki kara. Kuma kwaɓin ba zai jira ki ba: kafin ki kai zubi na goma, na ƙarshen layi sun wuce tashi sun fara faɗawa, sai dai in kin raba kwaɓin kashi kashi kin ajiye saura a firigo. Na taɓa karɓar aikin ɗari da hamsin na walimar saukar karatu, na fara bayan sallar asuba ina ganin kafin hantsi na gama. Azahar ta same ni da sittin a tire, uwar yaro ta aiko sau biyu. Ƙanwata ta shigo ta dube ni, ta ce, "Yaya, ina kaskon Inna?" Muka hura gawayi, sauran casa'in ɗin a mai muka soya su. Yanzu in oda ta wuce talatin, tun a bakin ƙofa nake gaya wa mai ita cewa na kasko za ta samu.